Jinyar yaro mai sankarar jini: idan uwa ta fara gazawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kumo. Ɗana mai shekara 7 ne ba lafiya, likitoci a Gombe sun ce sankarar jini ce, nau'in da suke kira ALL, kuma magani zai ɗauki fiye da shekara biyu. Wata huɗu ke nan muna kai da kawo. Alhamdulillahi yaro ya samu sauƙi, yana ci yana wasa. Amma mahaifiyarsa ta canja gaba ɗaya: ba ta barci, ta rame, abu kaɗan sai faɗa ko kuka, sauran yaranmu uku sun koma kamar marayu. Na riga na sayar da shanun huɗana. Wasu 'yan'uwa na cewa ƙarancin tawakkali ke damunta, wasu na cewa tunda yaro ya miƙe a bar wahalar da shi da allurai. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sannunku da jinya, Allah Ya ba yaro lafiya, Ya saka muku da alheri kai da mai ɗakinka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina aiki a ɗakin kwantar da yara, kuma abin da ka kwatanta na sha ganinsa. Na ji daɗi da ka lura da halin da take ciki, domin a gidaje da yawa ba a lura sai ranar da uwar ta yanke jiki ta faɗi a bakin gadon ɗanta.

Bari in fara da maganar barin magani, don ita ce mai gaggawa. Kada ka yarda. Sankarar jini a ɓargo take farawa, wato can cikin ƙashi inda jiki ke ƙera jini. Maganin makonnin farko yana kashe mafi yawan miyagun ƙwayoyin, har a ɗebi ɓargo a duba a madubin likita ba a gan su ba. Daga nan yaro zai fara ci, ya fara wasa, zazzaɓi ya tafi, kowa ya ce ya warke. Kai manomi ne, ka san tofa: ka nome ta ka share gona tas, amma saiwa na nan a ƙasa tana jiran ruwa. Ragowar watannin nan, da ƙwayar da ake sha kullum, da ta mako-mako, da allurar da ake yi ta baya don kare ƙwaƙwalwa, duk saiwar ake bi. Idan aka tsaya a tsakiya ciwon na dawowa, kuma in ya dawo ya fi na farko taurin kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba a kai 30 ba. Cikin dalilan da ta lissafa akwai zuwa asibiti a makare, da rashin samun magani, da barin magani a hanya. Abin ya kai har a 2018 ta ƙaddamar da shiri na musamman don a kai aƙalla 60 cikin 100 kafin 2030. A wurin masu wannan fanni, idan yaro ya yi mako huɗu bai zo karɓar maganin da aka tsara masa ba, an lissafa shi cikin waɗanda suka bar magani.

Amma ga abin da shekarun aiki suka koya mini. Ban taɓa ganin iyayen da suka bar magani don ba sa son ɗansu ba. Ko dai kuɗi ne suka ƙare, ko kuma wadda ke ɗauke da jinyar ce ta karye, aka rasa mai maye gurbinta. Saboda haka tambayoyinka biyu a wurina ɗaya ce. Lafiyar matarka tana cikin maganin ɗanka.

Kai da rana kake zuwa asibiti, ka biya kuɗi, ka zauna ka koma. Bari in gaya maka yadda dare yake. Ta kwanta a tabarma a gefen gado, ko a zaune a kujerar roba, kunne ɗaya a buɗe. Ruwan da ake ƙara masa ya tsaya, ta tashi neman nas. Ya yi amai, ta wanke. Jikinsa ya ɗan yi ɗumi, gabanta ya faɗi. Da safe ita ce za ta riƙe shi yana ihu yana kiran sunanta a nemi jijiya, ita ce za ta lanƙwasa shi a ɗebi ruwan baya, yana kallonta yana tambayar me ya sa ta bari. Sannan akwai abin da ba a faɗa: yaron gadon kusa, wanda suka saba da uwarsa har suna cin abinci kwano ɗaya, wata safiya sai a naɗe katifarsa. Ta gani da idonta, ta koma ta kalli nata. Masu dubiya su zo su ce ya mai jiki, su ce sannu da jinya, ta ce alhamdulillahi, magana ta ƙare. Wata huɗu a haka, ko dutse ne sai ya tsage.

Wannan hali sananne ne a likitance, har akwai ma'auninsa. Wani masani a Amurka mai suna Steven Zarit ya fitar da jerin tambayoyi a 1980 don auna nauyin da ke kan masu jinyar tsofaffi masu ciwon mantuwa, daga baya aka riƙa amfani da guda 22 ga masu jinyar kowane irin dogon ciwo. Cikinsu ana tambayar mai jinya ko tana jin ba ta da lokacin kanta, ko lafiyarta ta taɓu, ko tana tsoron abin da gobe za ta kawo, ko tana jin da ma a ce wani ya karɓe ta. Akwai kuma tambayar da ta fi sa mata hawaye idan na yi musu ita da Hausa: kina jin kamar ba ki yi masa abin da ya kamata ba? Wadda ta fi kowa wahala ita ce ta fi kowa ganin gazawarta.

Shi ya sa maganar ƙarancin tawakkali ke yi mini ciwo. Annabi Yaƙubu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce haƙuri mai kyau zai yi, duk da haka sai da idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Matar da ta yi wata huɗu ba ta yi barcin kirki ba, gajiya ce ke damunta, da tsoro. Wa'azi ba ya maganin rashin barci. Duk wanda ya ce mata ta yi tawakkali, ka ce masa madalla, wane dare zai zo ko ya turo matarsa ta karɓe ta?

Akwai wani abu da nake so ka faɗa mata da bakinka, ko da ba ta tambaya ba. Ba ita ta jawo ba. Ba abin da ta ci da cikinsa ba ne, ba sakacinta ba ne, ba jifa ba ne, ba kuma hannun kishiya ko maƙwabciya. Ba a ɗaukar sankarar jini, ƙannensa za su iya ci kwano ɗaya da shi su kwana ɗaki ɗaya. Ba kamar sikila ba ce da ake gado daga uwa da uba, mutane na yawan rikita su saboda duka biyun ana ƙarin jini. Uwaye da yawa na kwana da wannan zargi a zuci, musamman idan wata a dangin miji ta taɓa jefa magana. Jin haka daga bakin uban yaron ya fi jinsa daga bakinmu sau goma.

Haka kuma ta sani, firedinisolon da ɗan'uwansa dekzametason, waɗanda ake ba yara a wannan magani, suna kumbura fuska, su sa ci kamar ba ƙoshi, su sa fushi da rigima da rashin barci. Yaro mai ladabi sai ya koma zagin uwarsa. Magani ne, ba tarbiyya ce ta lalace ba, kuma yana wucewa idan an gama zangon.

To, me za a yi? Masana halayyar ɗan Adam biyu, Richard Lazarus da Susan Folkman, sun bayyana a 1984 cewa mutum kan fuskanci masifa ta hanya biyu: ko ya tunkari matsalar ya rage ta, ko ya lallashi zuciyarsa ta iya ɗauka. Mu a nan mun ƙware a ta biyun. Muna da addu'a, da sadaka, da saukar Alƙur'ani, da jaje, kuma wallahi suna riƙe mutane, na ga matan da tsayuwar dare ce kawai ta hana su zaucewa. Inda muke da rauni shi ne ta farkon. Jinyarmu ta saba da ciwon kwana bakwai: a taru a cika asibiti a makon farko, kwanukan abinci har a rasa inda za a ajiye, zuwa wata na biyu ƙafa ta ɗauke, a bar uwa ita kaɗai. Wannan kuwa jinyar shekaru ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ka tara dangi, naka da nata, ka faɗa musu gaskiyar sunan ciwon da tsawon maganin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma kada a tashi da "duk abin da ake buƙata a faɗa mana", wannan magana ba ta taɓa kwana da yaro a asibiti ba. A raba aiki da suna da rana. Abu na farko, a samu mace ta biyu, Addarta ko ƙanwarka ko wata Goggo mai sauran ƙarfi, wadda yaron ya saba da ita. Ta zo ta yi kwana biyu tare da uwar ta koyi magunguna da lokutansu, nas-nas su san fuskarta, sannan ta riƙa karɓar aƙalla dare biyu a mako duk lokacin da aka kwantar da shi. Matarka za ta ƙi da farko. Za ta ce ba wanda ya san shi kamarta, ko ta ji kunyar a ce ta gudu ta bar ɗanta. Kada ka yi mata faɗa, ka ce likita ma yana miƙa aiki ya je ya kwanta. A daren hutun nan kuma kada ta koma gida ta tarar da wanki da girki na jiranta, in ba haka ba wurin aikin kawai aka canja mata.

Sai jini. Wannan ya kamata ya fita daga kanta kwata-kwata, aikin maza ne. Ba abin da ke tsinka zuciyar uwa kamar a ce mata da tsakar dare a nemo leda biyu. Ka san rukunin jinin ɗanka, ka rubuta sunayen mutum goma ko fiye daga 'yan'uwa, abokan majalisa da matasan masallacinku, a gwada su tun kafin buƙata ta taso. Namiji lafiyayye zai iya bayarwa duk bayan wata uku ba tare da wata illa ba. Daga Kumo zuwa Gombe ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba, in akwai jerin suna da lambar waya a hannun mutum ɗaya, abin da sauƙi.

Maganar kuɗi kuwa, na ji zafin shanun nan, don na san abin da suke nufi ga damina mai zuwa. Abin da ya wuce ya wuce, amma daga yanzu ka yi ƙoƙari abin da ke kawo abinci ya zama na ƙarshen sayarwa. Ka roƙi likita ya rubuta maka jadawalin watanni masu zuwa, ka san wane wata ne mai nauyi, domin zangon ƙarshe mai tsawo yawanci ƙwayoyi ne a gida da zuwa asibiti lokaci-lokaci, bai kai na farko cin kuɗi ba. Gudummawar dangi ta fi amfani in ta zama kaɗan-kaɗan duk wata kamar adashi, a hannun mutum ɗaya amintacce mai littafi, maimakon a tara da yawa sau ɗaya a ɗauka an gama. Ka je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, akwai a na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ka bayyana halinka ba tare da jin nauyi ba. Ka tambayi hukumar inshorar lafiya ta jiha, GoHealth, abin da rajista za ta rage maka. Ka kuma yi wa limaminku magana: wanda bashin jinya ya danne yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, ba bara ba ce.

Wani abin da ke hana uwa barci shi ne rashin sanin wane ne haɗari, wane ne ba haɗari ba, sai komai ya zama abin tsoro. Ka sayi ma'aunin zafin jiki, ba shi da tsada. Maganin sankara na rage sojojin jini, don haka idan zafi ya kai 38, ko dare ne ko rana, asibiti za a nufa kai tsaye. Ba a ba shi farasitamol a jira safiya, ba a tsaya kemis a ce maleriya ce. Haka idan jini ya ɓalle ta hanci ko dasashi ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi wuya, ko ya yi laushi ba ya iya sha. In ba waɗannan, kuma ma'auni ya nuna lafiya, ta kwanta. Ka ajiye kuɗin mota na gaggawa da lambar direba ɗaya da zai ɗauka ko ƙarfe nawa ne. A kiyaye shi daga asfirin, aibufurofen da daikulofenak, saboda suna ƙara zubar jini. Ba ƙaho, ba tsaga, ba cire belu, kaciya ma in ba a yi ba a jira izinin likita. Nono da kindirmon da ba a tafasa madararsu ba a dakata da su, abinci ya zama dafaffe mai zafi, ya kwana cikin gidan sauro, kuma in ƙyanda ko ƙarambau ta shigo unguwa a nisanta shi a sanar da likita. Addu'a da tofi ba sa karo da magani, a yi ta yi. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi ne matsala, domin hanta da ƙoda na fama da aikin maganin asibiti, kuma za a kawo muku su da yawa, kowa da na kakansa. Kai za ka tsaya a ƙofa ka ce a'a, kada ka bar ta da kunyar surukai. Idan tana da ciki ko tana shayarwa, a gaya wa nas, kuma ta sa safar hannu wajen taɓa ƙwayoyin da wanke amai ko fitsarinsa a kwana biyun da ke bin kowace allura.

Sauran yaran uku kada a bar su da zato. Yaro in ba a gaya masa ba, da kansa zai ƙirƙiro abin da ya fi gaskiyar muni, wani ma ya ɗauka don ya taɓa dukan ɗan'uwansa ne. A faɗa musu daidai hankalinsu: jininsa ne ba lafiya, ana ba shi magani mai ƙarfi, gashinsa zai zube ya sake fitowa, Inna ba ta daina son ku ba. In akwai babbar mace a cikinsu, ina roƙonka kada a cire ta daga makaranta ta zama uwar gida, wannan asara ce da ba a lissafa ta cikin kuɗin magani amma takan bi yarinya har girma. Shi ma mara lafiyar a daina ce masa ba allura za a yi ba alhali za a yi. Sau ɗaya za ka yaudare shi, daga nan ko ruwa ka miƙa masa sai ya yi zargi.

Game da ita kanta, ka sa ido. Idan an samar mata hutu amma barcin ya ƙi zuwa, ba ta cin abinci, ba abin da ke faranta mata, aka yi mako biyu ko fiye a haka, to ya wuce gajiya, ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ka kai ta ga likita a duba ta, a auna har da hawan jini, in an tura ku sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ku je, ba hauka ake nufi ba. Idan kuwa ka taɓa ji ta ce gara ta mutu ta huta, ko tana maganar cutar da kanta, ranar za ku je, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Kada a sayo mata maganin barci a kemis. In ta juya maka baya a shimfiɗa ko ta ɗaga maka murya, ka ɗauke kai, ba raini ba ne. Wannan ba lokacin yaji ko barazanar ƙarin aure ba ne, na ga auren da jinya ta kashe bayan yaron ma ya rayu.

Kai ma ban manta da kai ba, Malam. Maza nasu nauyin a ɓoye yake: bashi, kunyar roƙo, zama a majalisa ana dariya kai kana lissafin kuɗin allurar jibi. Ka samu mutum ɗaya, amini ko malaminka, da za ka riƙa buɗe wa ciki. Ba zan yi maka alkawarin abin da ke hannun Allah ba, amma nau'in da ɗanka ke da shi yana cikin cututtukan dajin yara da suka fi jin magani, kuma sauƙin da ya samu a zangon farko alama ce mai kyau.

Ranar da za ku koma asibiti, kada ka tsaya a waje wajen biyan kuɗi. Ka shiga ɗakin likita tare da ita, ku je da matar da za ta riƙa karɓarta, ku rubuta tambayoyinku a takarda tun daga gida don kada kwarjini ya sa a manta. A gabanta ka gaya wa likitan cewa mahaifiyar yaron ba ta barci kuma ta rame, kana so a duba ta ita ma.